Motarmu ta tarkon ɓera ta ƙi wuce mita 2, Kawu ya ce a bar masa aikin

Assalamu alaikum Malamai. Ni ɗaliba ce 'yar aji 2 a babbar sakandare a nan Kaduna. An sa mu a gasar kimiyya mu huɗu, ni ce shugabar rukuni. An ce mu haɗa 'yar mota wadda tarkon ɓera guda ɗaya zai tuƙa, wadda ta fi nisa ita ta ci. Mun yi jikin da katako, tayoyi da fayafayan CD, aksil (sandar da ke riƙe da tayoyi) da fensir, muka ɗaure zare daga ƙarfen tarkon zuwa fensirin baya. Da mun saki sai tayoyin su yi ta juyi a wuri ɗaya, motar ta zabura, ta karkace hagu, ba ta kai mita 2 ba ta tsaya, wani lokaci har ta ɗan dawo baya. Saura mako 2. Kawuna mai walda ne a Panteka, ya ce in kawo masa ya ƙera mana ta ƙarfe mai kyau. Sauran 'yan rukunin sun ce in karɓa kawai a huta. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, ga shi ina jin nauyin in ce wa Kawu a'a. Yaya zan yi?

Ɗalibarku daga Tudun Wada

Wa alaikumus salam, 'yarmu.

Rashin kwanciyar da zuciyarki ta yi yana kan hanya. Kada ki miƙa wa Kawu aikin nan ɗungurungum. Kada kuma ki ture shi gefe, domin akwai wurare biyu da hannunsa ya fi na kowa a cikinku, za mu zo kansu. Motar taku ba ta gagara ba. Juyin taya a wuri ɗaya, karkacewa, gajeren zango da dawowa baya, kowanne da sanadinsa, kuma mako 2 ya isa a gyara su duka har a samu kwanakin gwaji.

Ki fara sanin iyakar abin da ke hannunki. Sifirin ɗin ƙaramin tarkon ɓera na katako, wato murɗaɗɗiyar wayar nan da ke fizgo ƙarfen tarkon, idan an ɗana shi, ƙarfin da yake ajiyewa kimanin jul 1 ne, wato abin da zai ɗaga nauyin giram 100 sama mita 1. Ba ku da wani abu bayan wannan. A gasar nisa aikinku biyu ne kacal: ku sa ƙarfin nan ya riƙa fita a hankali, ku kuma toshe duk wata kafar da yake zurarewa.

Ɗauki biro ki bi mu da lissafin motarku ta yanzu. Ƙarfen tarkon da ke faɗowa kan ɓera tsawonsa kusan santimita 4.5 ne. Idan ya kifa daga baya zuwa gaba, zaren da zai ja bai wuce ninki biyu na tsawonsa ba, santimita 9. Kaurin fensir kusan milimita 7, kewayensa santimita 2.2, saboda haka zaren zai juya shi sau 4. Faifan CD faɗinsa santimita 12, kowane juyi ɗaya yana cin ƙasa santimita 37.7. Juyi 4 ya ba ki mita 1.5. Kin ga ke nan motar ta yi daidai abin da kuka gina ta ta yi. Kuma tunda duk ƙarfin ya fita a ƙiftawar ido, gefen faifan mai santsi ya kasa kama ƙasa, shi ne juyin banzan da kike gani.

Yanzu canza abu biyu. Ki ƙara wa ƙarfen tarkon dogon hannu mai santimita 30, zai ja zare santimita 60. Ki cire fensir ki sa sandar ƙarfe mai kaurin milimita 3.2, kewayenta kusan santimita 1 cif. Juyi 60 ke nan, sau 37.7, ya haura mita 22, ban da gangarawar da motar za ta yi bayan zare ya ƙare. Wannan a takarda ne. A ƙasa sai abin da gogayya, wato gugar da sassan motar ke yi da juna da kuma daɓe, ta bar muku. Idan aka raba jul 1 a kan mita 22, ƙarfin da ke tura motar a kowane lokaci bai kai nauyin takardar A4 guda ɗaya ba, wadda giram 5 ce. Ki riƙe wannan adadin da kyau, don shi zai yanke miki kowace shawara daga nan har ranar gasa. Shi ne kuma amsar maganar motar ƙarfe: jikin da aka yi wa walda zai yi nauyin da wannan ɗan ƙarfin ba zai ko motsa shi ba. Motar da ake so, da tarkonta da tayoyinta, kada ta wuce giram 150 zuwa 200. Fayafayai huɗu kaɗai sun ci kusan giram 60.

Kafin ku sayi komai, ku koma kan takardar dokokin gasar ku karanta ta tare. Akwai iyakar tsawon mota? An yarda a yanke ƙarfen tarkon? Dole ne a tayar da motar da maɗanin tarkon, ko an yarda a saki da hannu? Kusan ko'ina ba a yarda a taɓa sifirin ɗin kansa ba, balle a ƙara masa roba. Ku kuma tambayi irin daɓen da za a yi gasar a kai, siminti ne, tarazo ne ko tayil.

Tarkon ku saya sabo a Kasuwar Sheikh Gumi ko wurin masu kayan tireda, irin ƙaramin na katako, guda 3 idan da hali, domin sifirin wani ya fi na wani ƙarfi ko da kamfani ɗaya ya yi su. Ma'aunin sifirin na ɗakin gwajin makarantarku zai nuna muku wanda ya fi ja. Babban tarkon gafiya ba na wannan aikin ba ne, yana iya karya yatsa. Tarkon da ya taɓa kama ɓera kuwa ko kyauta aka ba ku kada ku karɓa, ta fitsari da kashin ɓera ake ɗaukar zazzaɓin Lassa.

Jikin motar ku yi shi da sanduna biyu siririya, kowace tsawon santimita 45, faɗin santimita 2.5, daga filawud mara kauri ko gutsuren silin na roba da masu aikin rufi ke zubarwa. A tsayar da su a kan gefensu, da tazarar santimita 10 a tsakani, a haɗa su da 'yan gajerun katakai biyu ko uku a gicciye. Tsakanin sandunan ta baya a bar shi fili, nan zare zai naɗu. Ramin aksil na baya ya zauna santimita 2 daga ƙarshe, na gaba santimita 40 daga na baya.

Ga aikin Kawu na farko. Ramukan nan huɗu su ne rayuwar motar. A haɗa sandunan biyu a matse su wuri ɗaya, a huda su tare lokaci guda da bakin dirila na milimita 4, a miƙe tsaf. Idan aka huda kowace dabam, da wuya su zo daidai. Ga dalilin da ya sa muke nacewa a kan wannan: idan tazarar aksil na gaba da na baya ta ɓangaren hagu ta gaza ta dama da milimita 1 kawai, a mota mai wannan girman, kafin ta ci mita 10 ta kauce hanya fiye da mita 1. Kullum mota tana karkata ne zuwa ɓangaren da tazarar ta fi gajarta. Taku tana zuwa hagu, to ki auna, za ki tarar hagun ne gajere. Dabara mai kyau ita ce a ɗan tsawaita ramin gaba na ɓangare ɗaya, a zura aksil ta cikin washa, a riƙe washar da salatif. A tura motar da hannu a ga inda ta nufa, a matsar da washar gaba ko baya kaɗan kaɗan har ta miƙe, sannan a sa mata gam.

Aikinsa na biyu aksil. Ki roƙe shi sandar walda mai lamba 3.2 guda 4, ya kankare mata ɓawon nan na waje, ya goge da sandfefa mai laushi har ta yi sheƙi, ya yanka santimita 16. Ki mirgina kowace a kan gilashi ko madubi. Wadda ta yi ɗingishi ta lanƙwashe, a ajiye ta, a ɗauki biyun da suka mirgina sumul. Tsinken tsire ma kaurinsa kusan haka ne kuma ya fi sauƙin nauyi, sai dai da wuya a samu miƙaƙƙe, kuma yana lanƙwasa idan zare ya ja shi.

Sanya faifai a kan aksil shi ne inda ɗalibai da yawa ke gaggawa su ɓata aiki. Ramin tsakiyar CD milimita 15 ne, aksil kuma 3.2, dole a cike tsakani. Ki samu tsohon silifas, ki zana da'ira mai faɗin milimita 16 da kamfas ɗin akwatin lissafinki, inda tsinin kamfas ya soka nan ne tsakiya. Ki yanke da reza, ki huda tsakiyar da ƙusa wadda ba ta kai aksil kauri ba, ki cusa robar cikin ramin faifan, sannan ki tura aksil. Kada ki sa gam tukuna. Juya tayar ki zuba mata ido ta gefe. Idan tana rangaji, ki gyara zamanta har ta daina, ki dafa ma'aunin kusurwa a jikin aksil ki tabbatar faifan ya tsaya cak, sannan ki ɗiga gam. Tsakanin taya da jikin mota ki sa washa biyu, ki bar sararin milimita 1 zuwa 2 yadda aksil zai ɗan yi wasa hagu da dama. Ki kula da gam mai ruwa, yana bin ƙarfe ya gangara cikin rami, digo ɗaya ya isa ya kashe taya.

Ramukan aksil kada a sa musu man inji ko giris. Ga mota mai wannan ɗan ƙarfin, mai yana riƙe aksil ne, kuma da ƙurar Kaduna ta hau kansa, musamman da hunturu, sai ya zama taɓo. Ki kankare bakin fensir mai laushi, irin 2B, ki zuba garin a ramin ki juya. Bayan nan ki ɗaga motar, ki kaɗa tayar baya da yatsa ki ƙirga. Idan ta tsaya kafin daƙiƙa 10, akwai abin da ke cin ta, a nemo shi kafin a ci gaba.

Dogon hannun ana son sa mara nauyi, mara lanƙwasa. Tsohuwar eriyar rediyo ta dace sosai, masu gyaran rediyo ba sa rasa ta. Ƙarfen lema ma yana yi. Ki duba tarkon da kyau, za ki ga ƙafar sifirin ɗin tana danne gefe ɗaya na ƙarfen. A wannan gefen za a ɗaure hannun, da siririyar waya a wurare uku, a bi da gam mai haɗi biyu irin Araldite a bar shi ya kwana. Idan aka ɗaure a ɗaya gefen, ƙarfen zai murɗe, hannun ya riƙa tafiya a karkace. Tsawon santimita 30 ɗin daga tsakiyar sifirin ake auna shi zuwa inda zare zai ɗauru.

Wurin zaman tarkon ma ba a yin sa da ka. Hannun yana hutawa ne yana kallon gaba, idan aka ja shi baya ya kwanta, bakinsa ya sauka daidai saman aksil na baya. Wato daga sifirin zuwa aksil na baya santimita 30, daidai da tsawon hannun. Idan bakin ya wuce aksil ko ya gaza, an yi asarar zare da ƙarfi tun daga farawa.

Sai zare, wanda shi ne ya jawo muku dawowa baya. Kun ɗaure shi a jikin fensir, to da ya gama warwarewa sai ya fara naɗuwa ta ɗaya hannun, ya ja wa motar birki, har ya fizgo ta. Ba a ɗaure zare a aksil. Ana yin ɗan ƙugiya ne a tsakiyar aksil, da gutsuren waya ko igiyar roba mai haƙora ta masu wayarin, a yanke ta saura milimita 3, a kafe ta da gam. A bakin zaren a yi ɗan zobe wanda zai rataya a ƙugiyar ya kuma zame da kansa. Tsawon zaren ya tsaya daidai inda zoben zai kai ƙugiya lokacin da hannun ke hutawa a gaba, ko ya gaza da kamar rabin santimita. Idan ya yi tsawo, ba zai saki ba, zai harɗe. Ki nemi zaren masu ɗinkin takalmi, siriri, wanda ba ya miƙewa. Zaren roba na kitso yana shanye ƙarfin, igiya mai kauri kuma tana ƙara wa aksil ƙiba ta rage yawan juyi.

Wajen naɗi, ki rataya zoben, ki ɗaga hannun da ɗaya hannunki, ki riƙa juya tayoyin baya ta baya. Zaren ya kwanta layi layi a jere, a ɗame, kada wani ya hau kan wani. Mutum ɗaya a rukunin ya ƙware a wannan, shi ya riƙa yi kullum, don naɗi biyu mabambanta suna ba da nisa biyu mabambanta a mota ɗaya.

Maganin santsi balan-balan ne. A yanke kansa da gindinsa, a ɗauki zoben tsakiya mai faɗin santimita 2 a shimfiɗa shi a gefen faifan. Tayoyin baya kaɗai, su ne ke tuƙi. Na gaba a bar su haka.

Akwai abin da zai iya faruwa bayan duk wannan, kada ya tayar miki da hankali: ki saki hannun, motar ta tsaya ƙyam ta ƙi tashi. Tashi daga tsaye ya fi ci gaba da tafiya buƙatar ƙarfi, kamar yadda direba ke tashi da giya ɗaya kafin ya kai ta huɗu. Ki naɗa salatif a wani ɗan yanki na aksil har kaurinsa ya kai milimita 6, ki sa naɗin zare 4 ko 5 na ƙarshe su hau kansa. Su ne za su fara warwarewa, su ba motar ƙarfin tashi, sannan zaren ya sauko kan siririn wurin. Idan kuma a tsakiyar hanya take tsayawa alhali da sauran zare, ki fara zargin gogayya: taya mai goga jiki, aksil mai lanƙwasa, zare mai taɓa katako. Sai an wanke waɗannan sannan a rage hannun da santimita 3, a matso da tarkon baya daidai wannan gwargwadon. Mota mai cin mita 15 kowane saki ta fi wadda lissafinta ya ce 22 amma tana maƙalewa a 6.

Ku ware kwana 5 na ƙarshe don gwaji, a daɓe irin na wurin gasar. Tayil yana da ramukan haɗi da ke cin gudun siririyar taya, siminti mai kaushi kuma yana son hannu ɗan gajere. Ku canza abu ɗaya tak a lokaci guda, ku saki sau 3, ku rubuta nisan da tif ya nuna. Wannan littafin gwajin shi za ki buɗe idan alƙalai suka tambaya me ya sa hannun ya zama santimita 30 bai zama 20 ba. A nan ne motar da wani ya ƙera ke tona asirin masu ita, domin tambaya biyu ta isa. Ki faɗa wa 'yan rukuninki haka ƙarara, ki kuma ba kowa aikinsa: ɗaya tayoyi, ɗaya tarko da hannu, ɗaya naɗi da saki, ke awo da rubutu. Wanda ke cewa a karɓa a huta, sau da yawa rashin sanin abin da zai kama ne ke damunsa.

Game da Kawu, ba sai kalmar a'a ta fito daga bakinki ba. Ki je har rumfarsa da zanenki a takarda, da awo a rubuce, ki gaishe shi yadda ya kamata, ki ce: "Kawu, gasar ta ɗalibai ce, mu za a yi wa tambayoyi a kan kowane ƙarfe da ke jiki, shi ya sa muke so mu haɗa da hannunmu. Amma huda ramukan nan da gyaran aksil sun fi ƙarfinmu, sai kai." Ki nuna masa lissafin nauyin takardar nan, mai sana'ar ƙarfe zai gane nan take dalilin da ya sa ƙarfe ba zai yi ba. Idan kina ganin maganar za ta yi miki nauyi, Mama ta riga ki yi masa bayani. Ki sanar da malaminku taimakon da ya yi, ki kuma rubuta shi a rahotonku a wurin godiya.

Ranar gasa ku tafi da zare na biyu da aka riga aka auna aka yi masa zobe, da balan-balan 4, da fensir 2B, da salatif, da gam. A ɗauki motar a cikin kwali, tayoyinta a sama, kada a riƙe ta a cinya cikin Keke Napep, gargada ɗaya tana iya karkatar da faifai. Kada a bar sifirin a ɗane ana jiran layi, a naɗa zare sai an kira ku. Kafin a ajiye ta a layin farawa, a goge robar tayoyin baya da tsumma mai ɗan danshi a bar ta ta bushe, a duba zoben yana kan ƙugiya, mai saki kuma ya ɗaga yatsansa sama kawai, kada ya tura.